Kayan tiyatar kyamara: abin da ya fi buƙatar gyara a Sakkwato

Tambaya: Likita, ranka ya daɗe. Ni ɗalibin injiniya ne a ajin ƙarshe, ɗan nan Sakkwato. Ina son aikina na kammala karatu ya kasance a kan inganta kayan tiyatar nan da ake yi da kyamara ba tare da an tsaga ciki ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne in ƙera hannun mutum-mutumi irin wanda nake gani a YouTube. Ta ina zan fara, kuma me ku likitoci kuka fi buƙata?

Amsa: Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Zan gaya maka gaskiya tun da wuri don kada shekararka ta tafi a banza: ka jingine maganar mutum-mutumi tukuna. Ko da ka ƙera shi, ba zai sa a ƙara yi wa mutum ɗaya aiki a garin nan ba. Abubuwan da ke tsayar mana da aiki ƙanana ne, irin waɗanda ba wanda ke ɗaukar bidiyonsu: robar da ta tsage, bawul mai yoyo, hantsakin da ba ya wankuwa.

Ga yadda aikin yake. Maimakon a tsaga ciki tsawon taƙi guda, huda shi ake yi wuri uku ko huɗu, kowane huji faɗin milimita 5 zuwa 12. A kowane huji a sa ɗan bututu mai bawul, wanda muke kira tiroka. Sai a hura iskar kabon dayoksaid har fatar ciki ta ɗaga ta rabu da hanji, yawanci a matsin 12 zuwa 15 na ma'aunin milimitar zaiba. Wannan iskar aka zaɓa saboda tana narkewa cikin jini da sauri, kuma ba ta taimaka wa wuta ci. Ta huji ɗaya madubi mai kyamara ke shiga, ta sauran kuma hantsaki da almakashi da ƙugiya, tsawon kowanne kusan santimita 33, kaurinsa bai fi na biro ba. Idon likita na kan allo, hannunsa na waje. Ribar ita ce ciwo kaɗan, rauni ba ya yawan ruɓewa, mutum ya tashi da wuri. A nan wurinmu masu cin moriyar sun haɗa da mai sikila da duwatsu suka taru masa a matsarmama, da matar da ciki ya zauna mata a bututun ƙwai, da mai afendis, da yaron da ƙwan marainansa bai sauko ba, da matar da ake bincika mata dalilin rashin haihuwa. Manomin da aka yi wa aiki a farkon damina ya san bambancin jinyar mako guda da ta wata biyu fiye da kowa.

Kuma kada ka raina matsayinka a wannan fage, domin maƙera ne suka kawo shi inda yake. Georg Kelling ya leƙa cikin kare a Jamus tun 1901, Hans Christian Jacobaeus ya leƙa na mutane a Suwidin a 1910, amma abin ya daɗe yana tafiyar hawainiya saboda babu haske, babu hoto mai kyau. Sai da Harold Hopkins, masanin kimiyyar haske ɗan Ingila, ya fito da madubi mai jerin sandunan gilashi, Karl Storz ya haɗa shi da hasken da ake janyowa ta zaren gilashi daga waje, sannan aka fara gani sosai. Kurt Semm na garin Kiel a Jamus, wanda ya cire afendis ta wannan hanya a 1980, sai da ya koyi sana'ar ƙera kayan aiki kafin ya zama likitan mata, kuma shi ya ƙera injin hura iska mai daidaita matsi da kansa. A 1985 Erich Mühe ya cire matsarmama ta wannan hanya. Daga nan duniya ta bi.

Yanzu mu zo ga abin da mutum-mutumi ke warwarewa, don na san nan hankalinka yake. Hantsakin da ya ratsa fatar ciki yana aiki ne kamar jigon masu lambu a fadamar Kwalkwalawa: akwai madogara a tsakiya, in ka danne wannan kai, wancan ya tashi. Hannunka ya yi dama, bakin hantsaki ya yi hagu. Motsi huɗu kawai gare shi: shiga da fita, juyawa, sama da ƙasa, dama da hagu. Ba shi da wuyan hannu. Ga shi kuma yatsa ba ya taɓa nama, don haka taushi da tauri sai dai a kintata da ido da ɗan abin da sanda ta isar. Injin da Vinci, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2000, ya mayar da motsin nan bakwai, ya kawar da juyin dama da hagu, ya tace rawar hannu. Aiki ne mai kyau ƙwarai, musamman wajen ɗinki a lungu mai zurfi kamar ƙasan mara. Amma kuɗinsa ya haura dala miliyan ɗaya nesa, ga kuɗin kula da shi duk shekara, kuma shekaru da yawa yawancin hannayensa an ƙayyade musu amfani sau goma, daga nan injin da kansa ya ƙi karɓarsu. Akwai waɗanda suka nemi hanyar tsakiya, wato hantsaki mai lanƙwasa baki da igiyoyin ƙarfe ba tare da mota ko kwamfuta ba, irin FlexDex da ya fito daga Jami'ar Mishigan da ArtiSential na Koriya ta Kudu. Ka karanta su, za ka ƙaru. Sai dai ka lura da wani abu: duk gaɓar da aka ƙara, an ƙara lungun da jini zai maƙale. Cire matsarmama da afendis kuwa, waɗanda su ne yawancin aikinmu, miƙaƙƙen hantsaki ya ishe su.

Abin da ke hana ni barci shi ne wuta. Yawancin yanka da tsayar da jini a wannan aiki da lantarki ake yinsu. Injin dayatami yana tura wuta ta cikin sandar ƙugiya zuwa bakinta, ta ƙona wurin da aka taɓa, ta bi jikin majinyaci ta fita ta farantin da aka manna masa a cinya. Sandar duka ƙarfe ce, abin da ya raba ta da hanji ’yar siririyar rigar roba ce kawai. Kyamara kuma bakin ƙugiyar take nunawa da ɗan abin da ke bayansa, ragowar sandar tana can cikin duhu, kwance a kan hanji. To, ka ɗauka rigar nan ta sami ɗan tsagu. Likita ya taka fedar kunna wuta, yana kallon matsarmama, aiki yana tafiya lafiya a kan allo, a can baya kuwa wuta ta tsallaka ta tsagun ta ɗana wa hanji. Kai da ka karanta lantarki ka san ƙaramin huji ya fi babba haɗari, domin wutar a wuri guda take taruwa. Kuma yanayin da ake sa injin don tsayar da jini yana iya kai bolt dubbai, wanda ya isa ya fasa robar da ta riga ta yi laushi.

Mugun abin shi ne ƙunar ba ta hudewa a ranar. Naman wurin mutuwa yake yi a hankali, sai bayan kwana uku, huɗu, wani lokaci mako guda, ya ɓule, kashi ya zubo cikin ciki. A lokacin an riga an sallami mutum, tunda saurin sallama shi ne abin alfaharin wannan aiki. In a Mabera ko Runjin Sambo yake, zai dawo a daren. In daga Illela ya zo, ko Sabon Birni, ko Ƙonni ta Nijar, sai an fara gwada maganin kemis, sai an nemi kuɗin mota, sai an jira hanya ta yi kyau. Kafin ya iso ciki ya kumbura, jini ya gurɓace. Saboda haka tsagun da a wata ƙasa zai jawo aiki na biyu kawai, a nan yana iya zama ajali.

Kada ka zaci matsalar talakawa ce kaɗai. An taɓa gwada kayan wasu asibitoci a Amurka, aka tarar kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ake maimaita amfani da su suna da irin wannan tsagu, mafi yawa a kashi ɗaya cikin uku na kusa da baki. Da yawa ido ba ya ganinsu. Abin da ke jawo su sananne ne: gogar bawul ɗin tiroka a kowace shiga da fita, zafin tukunyar tururin da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita yau da gobe, da zuba kaya gaba ɗaya a tire guda, mai kaifi a kan mai roba. Akwai na'urar gwaji da ake sayarwa: a sa wa sandar wuta mai yawan bolt amma maras ƙarfin cutarwa, a ja ta ta cikin zobe ko burushin ƙarfe, duk inda tartsatsi ya tsallaka sai ta yi ƙara. Ba wani siddabaru a ciki, amma ɗakunan tiyata da yawa a ƙasar nan ba su da ita. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Akwai kuma wata hanyar da wuta ke ɓacewa ko da roba lafiyarta ƙalau. Ƙarfe a ciki, roba a tsakiya, bututun tiroka na ƙarfe a waje: ai kafasita ke nan, wato abin da ke tara wutar lantarki. In tirokar duka ƙarfe ce, wutar da ta taru tana bajewa cikin fatar ciki ba tare da lahani ba. In kuwa aka haɗa bututun ƙarfe da mariƙin roba, ba ta da mafita sai ta hanjin da ya taɓa bututun. Ina faɗa maka wannan ne saboda inda kaya suka yi ƙaranci ana yawan haɗa-haɗa, murfin wannan kamfani a kan jikin na wancan, kuma mai haɗawar bai san ya ɗana tarko ba.

Na biyu wanki. Ka tuna ciki a hure yake, don haka matsin iskar yana tura jini da ruwan jiki su hau ta ’yar tazarar da ke tsakanin sandar ciki da bututun waje na hantsaki. Daga waje za ka ga ƙarfe yana walƙiya. Ka kwance shi, ka tura siririn burushi, ka ga abin da zai fito: baƙin busasshen jini, wani lokaci na aikin makon jiya. Tururi ba ya kashe ƙwayar cutar da ke ɓoye ƙarƙashin datti yadda ya kamata, ruwan magani ma haka. Shi ya sa hantsakin kirki yake rabuwa uku, mariƙi da bututu da sandar baki, ko kuma a yi masa ’yar ƙofar da za a sa sirinji a watsa ruwa ta ciki. A wurina, kayan da nas ba za ta iya kwancewa ta mayar cikin minti ɗaya ba tare da littafi ba, ƙirarsa ba ta kammala ba, komai kyansa a hannun likita.

Tukunyar tururi tana aiki a digiri 134 na ’yan mintoci, ko 121 na lokaci mai ɗan tsawo. Abin da ba ya jure wannan zafi ana jiƙa shi a ruwan gulutaraldehaid mai kashi 2 cikin 100, wanda kowa a tiyata ya fi sani da Cidex. Minti 20 a cikinsa yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma kashe duka har da masu ɓawo sai awa 10. Wa zai jira awa 10 alhali majinyata uku na layi, saitin kaya kuma ɗaya ne? Ga shi kuma ruwan yana daskarar da jinin da ba a wanke ba, ya manne shi da ƙarfe. In an gama an ɗauraye da ruwan famfo, an dawo da wasu ƙwayoyin. Akwai dangin ƙwayar tarin fuka da ke zaune cikin ruwa da ƙasa, su ne ke sa hujin tiyata ya warke sarai, sai bayan makonni ya kumburo yana tsiyaya, ya ƙi jin maganin da aka saba. A Birazil, a jihar Riyo, tsakanin 2006 da 2007, mutane fiye da dubu suka kamu da irin wannan bayan tiyatar kyamara, aka kuma gano ƙwayar tana jure ruwan jiƙon. Ba ƙauye ba ne, manyan asibitoci ne.

A nan maganar kayan amfani-sau-ɗaya take shigowa. Kamfanoni sun karkata can, kuma wasu daga cikin kayan ba su da na biyu wajen aiki. Wuƙar Harmonic tana karkarwa sau 55,500 a daƙiƙa, tana yanka tana toshe jijiya ba tare da wuta ta bi jiki ba. Na'urar LigaSure tana like jijiyar jini har mai faɗin milimita 7. Amma an yi su ne don a jefar bayan aiki guda, a ƙasashen da inshora ke biya. A nan mai jinya ne ke zaro kuɗi daga aljihu, wani sai ya sayar da tunkiya ko buhun gero. Don haka a wurare da yawa a ƙasashe irin namu ana wanke na jefarwar a sake amfani da shi, alhali ba ya kwancewa, ba ya kuma shiga tururi. Ba na yabon wannan, ba na kuma zagin mai yi, na san abin da ya kai shi. Mafitar ita ce kaya masu ƙarko da aka ƙera don a maimaita. Hantsakin wuta mai baki biyu, wanda wutarsa ke tsayawa tsakanin leɓɓansa kawai, yana yin kaso mai yawa na aikin waɗancan, kuma ya rage haɗarin da na bayyana a sama. Gindin afendis ba dole sai da na'urar maƙala ƙusoshi ba, zarge irin na Roeder da likita zai ƙulla da zaren ɗinki ya wadatar. Jakar fito da abin da aka cire ma ana yinta da safar hannu mai tsabta.

Iskar kanta wata wahala ce. Tulun kabon dayoksaid daga nesa yake zuwa, kuma ya kan ƙare ba sallama. Da yawa daga cikinta ba ma a cikin majinyaci take ƙarewa ba, ta bakin tirokar da robarta ta bushe take tsiyayewa. Kana aiki kana jin fiii, fatar ciki tana saukowa a kan madubi, injin yana ta kuka. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 ba ya barin roba a sito, tana taurarewa ta tsattsage tun ba a buɗe ledarta ba. ’Yar robar nan ba ta kai girman kwabo ba, amma rashinta na iya ajiye tiroka mai tsada wata da watanni ana jiran oda. Wasu sun ce a bar iskar gaba ɗaya, a ɗaga fatar ciki da ƙarfe daga waje. Jami'ar Lids ta Ingila ta ƙera irin wannan maɗagi mai suna RAIS tare da likitocin karkarar arewa maso gabashin Indiya, Jami'ar Duke ta Amurka da ta Makerere a Yuganda kuma suka fito da KeyLoop, da madubin KeyScope da ake jonawa da laftof. Amfaninsa babba ne, don ana iya aiki da allurar kashin baya ba sai an sa mutum barci gaba ɗaya ba. Aibinsa kuma fili ba ya buɗewa kamar na iska, gefe da gefe a matse suke, ga wahala in mutum mai jiki ne. Ga babban asibitin ƙaramar hukuma, ina ganin ya cancanci a gwada.

Ɗaukewar wutar lantarki ba sai na yi dogon bayani ba. A buɗaɗɗen aiki, tocila ta isa a lallaɓa. A nan allo baƙi yake yi alhali almakashi na cikin mutum, don haka inbata da batir wajibi ne. Fitilar zenon mai wat 300 tana ƙarewa a kusan awa 500, ta LED tana yin dubbai kuma ba ta shan wuta sosai. Ƙurar hunturu tana toshe fankar injinan. Igiyar haske in aka naɗe ta da ƙarfi zarurrukanta karyewa suke yi: ka nuna kai ɗaya ga taga ka duba ɗayan, duk ɗigon baƙi zare ne da ya mutu. Hazon da ke rufe madubi kuwa, saboda ya fito daga sanyin ɗaki ya shiga ɗumin jiki, filas na ruwan ɗumi mai tsabta yana maganinsa.

Mariƙi ma abin dubawa ne. An auna yawancinsu da hannun ƙattin Turawa, likitocin mata da yawa a wurinmu kuwa mata ne masu ƙaramin hannu, wasu sai sun sa hannu biyu kafin su danne wani abin. Zoben mariƙi yana danne jijiyar babban yatsa har ya kwana a mace bayan dogon aiki. Wannan wuri ne da firintar 3D za ta yi maka amfani wajen gwada siffofi.

Sai gargaɗi. Kada zumuɗi ya kai ka wurin mai walda ka ce a ƙera maka hantsakin da za a sa cikin mutum. Ba kowane ƙarfe mai ƙyalli ne na tiyata ba. Baki mai yanka da nau'in da ke ɗaukar tauri ake yinsa, irin lamba 420, bututu kuma da irin 304 ko 316L, sannan a yi masa wankan asid da ke sa fatarsa ta ƙi tsatsa. Ko na kirkin ma ruwan bilic da ruwan gishiri suna cinye shi, su bar ƙananan ramuka inda datti ke zama. Rigar roba in za a sabunta, da bututun roba na musamman mai tsukewa da zafi ake yi, ba da salatif na masu gyaran waya ba. Duk abin da zai taɓa majinyaci kuma sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti da hukumar NAFDAC. Shekara guda ba za ta ishe ka wannan ba.

Da ni ne kai, na'urar gwada rigar roba zan ƙera. Ba ta taɓa majinyaci, kayan haɗinta ana samunsu a kasuwa, kuma lissafinta daidai da karatunka yake: yawan bolt ɗin da zai tsallaka tsagu ba tare da ya huda lafiyayyar roba ba, da yadda za ka taƙaita ƙarfin wutar don kada ta girgiza nas ɗin da ke riƙe da ita. Ta yi aiki da batir, a caja ta da sola, ta yi ƙara ta kuma kunna fitila. In lokaci ya rage, ka ƙara mata ɗan famfo da ma'auni na gwada yoyon tiroka. Ka nemi malaminka ya rubuta takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, a ba ka izinin zama da masu wanke kaya da injiniyoyin asibiti, ka roƙi kayan da aka riga aka yar. A kan waɗannan za ka fara: ka yi musu tsagu da gangan da bakin allura, manya da ƙanana, ka ba wani abokinka ya gwada ba tare da ya san inda suke ba, ka rubuta nawa na'urar ta kama, nawa suka kuɓuce mata, da nawa ta yi wa ƙarar ƙarya.